Yadda Ake Ciro Fayiloli Daga Foldar da Windows Ta Hana Shiga, Ba Tare da Ɓata Faifan Mai Kaya Ba

Duk yaron da ya fara koyon gyaran kwamfuta a Kaduna, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne ko a wajajen Kasuwar Sheikh Gumi, ba zai daɗe ba sai an kawo masa irin wannan aiki. Laftof ta mutu, ko ta ƙi tashi, mai ita kuma ba ta kwamfutar yake yi ba, abin da ke ciki yake nema. Ɗalibin Kadpoly ne ko na KASU da furojet ɗinsa, ko Hajiya mai lissafin kayan shago, ko mai hoto da hotunan bikin mutane. Ka ciro faifan ajiyarta, wato hard disk ko SSD, ka jona a taka kwamfutar, ka shiga Users, ka danna foldar mai kayan, sai Windows ta ce ba ka da izinin shiga. Akasari fayilolin suna nan lafiya lau. Ɓarnar tana zuwa ne daga hanyar da aka bi wajen buɗewa. Ƙa'idar da nake bi ita ce: kwafa tukuna ba tare da canza komai a faifan ba, ƙwace mallaka kuma sai in dole ta yi.

Kayan aiki

- Kwamfutarka ta aiki, mai Windows 10 ko 11, da asusun admin.
- Adafta ko kesin da ke jona faifai ta USB. Na SATA daban, na M.2 daban, a M.2 ɗin ma akwai SATA akwai NVMe, don haka ka duba irin da ka ciro kafin ka tura yaro kasuwa.
- Faifan waje mai isasshen wuri, wanda aka yi wa fomatin da NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli a kansa.
- Filashi mai Ubuntu (wani nau'in Linux) a ciki, wanda aka haɗa da Rufus ko Ventoy.
- Manhajar CrystalDiskInfo, mai duba lafiyar faifai.
- Wutar da ba za ta yanke ba: batirin laftof mai riƙe caji, ko inbata, ko UPS. In an ɗauke wuta ana tsakiyar canza izini, rabin foldar zai canza rabi bai canza ba.
- Littafi da biro.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

A tsarin NTFS kowane fayil da kowace folda suna ɗauke da abu biyu: mai mallaka, da jerin waɗanda aka ba izini. Kamar gidan haya ne, mai gida daban, masu riƙe da makullan ɗakuna daban. Mai gida yana iya rasa makullin wani ɗaki a aljihunsa, amma shi ke da ikon sa a yanko masa. Shi ya sa za ka ga mutum ya karɓi mallakar folda kuma har yanzu ta ƙi buɗuwa: ya tsallake matakin ba kansa izini.

Windows ba ta san mutum da suna ba. Kowane asusu yana da doguwar lamba da ake kira SID, tana farawa da S-1-5-21 ta ƙare da wani abu kamar 1001. In kana son ganin taka, rubuta whoami /user a Command Prompt. Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana sunan asusunsu HP ne ko USER, to ko da taka kwamfutar ma HP ce, lambobin sun sha bamban, kuma lambar ake dubawa. Haka idan aka sake loda Windows aka sa tsohon suna, sabuwar lamba za a bayar.

Sai gado. Folda tana gadon izinin wadda take ciki, sai fa in an yanke gadon. Foldar kowane mutum a cikin Users an yanke nata tun farko, ta yadda mai ita, da SYSTEM (asusun Windows kanta), da rukunin Administrators ne kawai ke shiga.

Mataki na 1: Yi wa mai kaya tambayoyi

Kafin ya tafi ka zaunar da shi. "Alhaji, wane abu ne ya fi muhimmanci a ciki? A ina kake ajiyewa, a Desktop ko a D? Da imel kake shiga kwamfutar ko da kalmar sirri kawai? Wa ya loda maka Windows ɗin?" Rubuta amsoshin a littafi, da sunayen foldojin da ya amince ka buɗe. Tambaya ta ƙarshen nan tana da amfani sosai, za ka ga dalili a mataki na uku.

Idan wanda ya kawo kwamfutar ya kasa faɗin komai game da abin da ke cikinta, bai san sunan asusun ba, bai san hoton da ke fuskarta ba, ni dai mayar masa da kayansa nake yi. Wani lokacin ta sata ce, wani lokacin kuma miji ne ke son leƙa ta matarsa, ko yaron shago ta maigidansa. Babu kuɗin aikin da ya kai zaman ofishin 'yan sanda.

Mataki na 2: Duba lafiyar faifan

Jona faifan, buɗe CrystalDiskInfo. In ta nuna Good da shuɗi, ci gaba. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, ko faifan yana ƙara ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, to matsalarka ba izini ba ce. Faifan da ke mutuwa ma yakan ce an hana shiga. Irin wannan kar ka yi masa chkdsk, umarnin gyaran faifai na Windows, kar ka canza masa izini, domin duk biyun rubutu ne a kan dubban wurare, kuma shi ne zai ƙarasa shi. Kwafe mafi muhimmanci nan take, ko ka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, da manhajar ddrescue daga Linux ka yi aiki a kan hoton.

Idan Windows ta ce sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi, danna Cancel.

Mataki na 3: Tantance izini ne ko kulle ne

A nan ne sababbin masu gyara suka fi ɓata lokaci. Karɓar mallaka ba ta buɗe abin da aka kulle da lambar sirri, ko kwana za ka yi kana yi.

Kulle na farko shi ne BitLocker. Za ka ga hoton kwaɗo a kan faifan gaba ɗaya, yana neman makulli mai lamba 48. Yanzu abin ya yawaita, domin tun daga Windows 11 ta 24H2 sabon lodi yakan kunna kullen da kansa, mai kwamfutar bai ma san an yi ba. Makullin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi, ana dubawa a account.microsoft.com/devices/recoverykey. To idan yaron da ya loda Windows ɗin imel ɗinsa ya sa don ya wuce wurin da sauri, makullin yana wajensa, sai a neme shi. In kwamfutar ofis ce, masu kula da kwamfutocin ofishin za a tambaya. In makullin bai samu ba, gaya wa mai kaya gaskiya, kar ka karɓi kuɗinsa kana yi masa alkawari. Abin da ya rage shi ne a gyara ainihin kwamfutar a mayar da faifan cikinta, domin guntun tsaro mai suna TPM da ke kan bod ɗinta ne ke riƙe da makullin.

Na biyu shi ne EFS, wanda ke kulle fayil ɗaya-ɗaya. A tsofaffin Windows sunan fayil ɗin kore ne, a na yanzu ƙaramin kwaɗo ne a kan hotonsa. Foldar za ta buɗe, ka ga sunaye, amma fayil ya ƙi buɗuwa. Makullinsa yana ɗaure da asusun mai shi da kalmar sirrinsa. Gargaɗi babba: idan mai kaya ya manta kalmar sirrinsa ka share ta da ƙarfi daga wani asusun admin ko da filashin fasa kalmar sirri, fayilolin EFS sun rufe ke nan, haka ma kalmomin sirrin da Chrome ya ajiye masa. Duba tukuna kafin ka share.

Mataki na 4: Kwafa ba tare da taɓa izini ba

Saƙon da ya ce ba ka da izini yana zuwa da maɓallin Continue. Kar ka danna. Abin da yake yi shi ne ya rubuta asusunka a cikin izinin foldar mai kaya har abada, ya bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, koren layin nan mai nuna ci gaban aiki na tafiya a hankali kamar ba za ta ƙare ba.

Hanyar da ta fi ita ce robocopy, wadda ke cikin Windows tun asali. Nemi Command Prompt, danna dama a kanta, zaɓi Run as administrator. A ce faifan mai kaya E ne, sunan asusunsa HP, faifan wajenka F, sai ka rubuta:

robocopy "E:\Users\HP" "F:\Aiki\HP" /E /B /COPY:DAT /XJ /R:1 /W:1 /TEE /LOG:F:\rahoto.txt

Ga ma'anar haruffan. /E na kwashe duk foldojin ciki. /B shi ne sirrin aikin, yana karanta fayil da ikon ajiya na admin, ya tsallake izini ba tare da ya canza shi ba. /COPY:DAT na ɗaukar abin da ke cikin fayil da kwanan watansa, ya bar tsohon izini a baya, don haka kwafin zai gaji izinin faifanka ya buɗe ba gardama. /R:1 da /W:1 kuwa wajibi ne, domin in ba ka sa su ba robocopy za ta sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, tana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Ka tafi sallar Azahar ka dawo ka tarar tana kan fayil guda.

/XJ na bukatar ɗan bayani. A cikin foldar kowane asusu akwai ɓoyayyun ƙofofi irin su Application Data da My Documents da Local Settings. Ba foldoji ba ne, hanyoyi ne da aka bari don tsofaffin manhajoji na zamanin Windows XP, kuma da gangan aka hana buɗe su. Adireshin da ke cikinsu da C yake farawa. Wato idan faifan yana jone a kwamfutarka, ƙofar da ke E tana nuni ne zuwa C ɗinka kai. Ba tare da /XJ ba, ko dai ka kwaso naka kayan ka haɗa da na mai kaya, ko kwafin ya dinga zagaye yana haifar folda cikin folda har faifan ya cika. Kana iya ganinsu da dir /AL /S "E:\Users\HP".

Kurakurai biyu da nake yawan gani: sa alamar \ a ƙarshen adireshi kafin rufe alamar zance, wanda ke rikita umarnin, da amfani da /MIR da aka kwafo daga intanet. /MIR na goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a tushe. In ka nuna ta F kai tsaye, kayan sauran kwastomominka sun tafi.

Idan ta gama, duba ƙasan rahoton da /TEE ke nunawa a allo, /LOG kuma ke ajiyewa a rahoto.txt, layin FAILED. In sifili ne, madalla. In ba haka ba, buɗe rahoto.txt ka ga waɗanne fayiloli ne. Sau da yawa za ka tarar na OneDrive ne, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, waɗanda sunansu kawai ke faifan, ainihinsu yana intanet. Waɗannan sai mai kaya ya shiga asusunsa ya sauke.

In faifan da ke hannunka exFAT ne, zai yi, domin shi ba ya ajiye izini kwata-kwata. FAT32 ma haka, sai dai ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, don haka bidiyon biki zai maƙale.

Idan robocopy ta gagara, ko babu adafta

Sa filashin Ubuntu a kwamfutar mai kaya in tana kunnuwa, ko a taka, ka zaɓi Try Ubuntu, ba Install ba. Linux ba ruwanta da izinin NTFS, za ta buɗe foldar ka kwafe da linzami. In ta buɗe faifan a yanayin karatu kawai, saboda Windows ba ta mutu gaba ɗaya ba ne, Fast Startup ko barcin da ta shiga ya riƙe shi. Hakan ya ishe ka, tunda kwafa za ka yi. Kar ka tilasta rubutu a kai.

Mataki na 5: Karɓar mallaka, in ya zama dole

Yaushe ya zama dole? Mafi yawa bayan an sake loda Windows a C, sai foldojin D suka ƙi buɗuwa, ko suka buɗe amma ba a iya gogewa ko ajiyewa. In ka duba Security a cikin Properties na foldar za ka ga Account Unknown da doguwar lamba, tsohon asusun ke nan. A nan gyaran a kan faifan ya kamata a yi, kuma a cikin kwamfutar mai kaya, ba a taka ba.

Fara da ajiye tsohon izinin:

icacls "D:\Aiki" /save F:\izini.txt /T /C

In abu ya lalace ana mayarwa da icacls D:\ /restore F:\izini.txt /C. Lura cewa wajen mayarwa foldar da ke sama ake nunawa, ba ita kanta ba. Kuma izini kawai yake ajiyewa, ban da mallaka.

Sai karɓar mallaka:

takeown /F "D:\Aiki" /A /R /SKIPSL /D Y

/A na ba rukunin Administrators mallakar maimakon asusun da kake ciki, /R na shiga ciki, /SKIPSL na hana bin hanyoyin da ke kaiwa wani wuri, /D Y na amsa tambayoyin da kansa. Daga nan ka share tsohon jerin, foldar ta koma gadon faifan:

icacls "D:\Aiki" /reset /T /C /L

In har yanzu mai kaya bai samu cikakken iko ba, ba shi:

icacls "D:\Aiki" /grant HP:(OI)(CI)F /T /C /L

HP sunan asusun mai kaya ne, F na nufin cikakken iko, OI da CI kuma su sa fayiloli da foldojin ciki su gada. A Command Prompt ake rubuta shi haka. A PowerShell sai ka sa ɓangaren HP:(OI)(CI)F cikin alamar zance, in ba haka ba zai ba da kuskure.

Wanda bai saba da rubuta umarni ba yana iya bi ta linzami. Danna dama a kan foldar, Properties, Security, Advanced. A gaban Owner danna Change, rubuta sunan asusun, Check Names, OK, ka yi alama a Replace owner on subcontainers and objects, sai Apply. Rufe tagogin duka ka sake buɗewa, domin ba ta nuna canjin sai an yi haka. Sannan Add, Select a principal, sunan asusun, Full control. Sakamakon ɗaya ne, sai dai in fayilolin suna da yawa za ta dinga tsayawa tana tambayarka.

Idan ka yi duk wannan kuma wani fayil ya ƙi, duba ko akwai layin Deny a jerin. Hanin da aka rubuta kai tsaye a kan fayil yana rinjayar izini. Cire layin, kar ka ƙara wani izinin a kansa.

Akwai masu ba Everyone cikakken iko don su huta. Yana aiki, amma a kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu da mutane da yawa ke amfani da ita, ka buɗe wa kowa lissafin maigida ke nan.

Mataki na 6: Wuraren da ba a taɓawa

Kar ka taɓa gudanar da takeown ko icacls /reset a kan C gaba ɗaya, ko Windows, ko Program Files, ko WindowsApps. Tun daga Windows Vista, mai mallakar yawancin fayilolin tsarin wani asusu ne na musamman mai suna TrustedInstaller, kuma admin ma karatu kawai aka ba shi. In ka ƙwace su, sabuntawa za ta iya fara faɗuwa, Start ta ƙi buɗuwa, manhajojin Store su mutu, kuma mayar da kowanne yadda yake ya fi sake lodi wahala. Haka faifan mai kaya da za a mayar cikin kwamfutarsa: in ka yi wa foldar asusunsa /reset daga taka kwamfutar, yana iya shiga ya tarar da asusun wucin gadi, Desktop wayam.

In fayil guda na tsarin ne ya zama dole ka canza, karɓi mallakar shi kaɗai, ka gama, ka mayar:

icacls "adireshin fayil" /setowner "NT SERVICE\TrustedInstaller"

Sai ka bi da sfc /scannow.

Windows.old, foldar da tsohuwar Windows ke komawa bayan an ɗora sabuwa a kanta, ita ma tana ba mutane wahala. Kwashe kayan mai kaya daga Windows.old\Users da wuri, domin Windows tana goge ta da kanta bayan kwana 10. In kai ne ke son goge ta, bi ta Disk Cleanup, ka danna Clean up system files, ka zaɓi Previous Windows installation. Ba sai an yi kokawa da izini ba.

Mataki na 7: Mayar da kayan ga mai su

Ka shiga sabon asusun mai kaya, ka kwafo daga faifan waje zuwa Desktop da Documents da Pictures nasa. Kwafa, ba yankewa ba. Fayil ɗin da aka kwafa yana ɗaukar izinin inda ya sauka, amma wanda aka matsar a cikin faifai ɗaya yana iya tafiya da tsohon izininsa, sai bayan mako ya dawo yana cewa takardarsa ta ƙi ajiyuwa. Kar ka juye tsohuwar AppData, foldar da manhajoji ke ajiye bayanansu, gaba ɗaya a kan sabuwa. Ɗauko abin da ake bukata kawai, kamar fayilolin Outlook.

In Mac aka kawo, jona faifan, Get Info, ka buɗe kwaɗon ƙasa ka yi alama a Ignore ownership on this volume. In Linux ce, sudo chown -R da sunan mai asusun a kan foldar kayansa ya wadatar, kar ka bi masu cewa chmod 777.

Gwajin ƙarshe a asusun mai kaya ake yi, ba a na admin ba, kuma a gabansa. Ya buɗe takarda, ya ƙara harafi, ya ajiye. Ya ƙirƙiri sabuwar folda ya goge ta. Ya duba foldojin da ka rubuta a littafi ɗaya bayan ɗaya. In ka buɗe wani asusun admin don aikin, cire shi. Kwafin da ke faifanka kuma ka gaya masa ranar da za ka goge, ka ba shi kamar mako guda ya tabbatar babu abin da ya ɓace, ranar na cika ka goge shi tare da rahoto.txt da izini.txt, domin su ma suna ɗauke da sunayen fayilolinsa duka.